Bikin Jiragen Kanal a Ingila: Yadda Taron Jama'a Ya Ceci Hanyoyin Ruwa

 

Abin da zan yi magana a kansa yau wani biki ne da mutanen Ingila kan yi kowace shekara, watau bikin jiragen kanal. Mai yiwuwa wani daga cikinku ya ce a ransa, ina ruwan jami'a da shagalin Turawa? Amsar ita ce, bikin nan ya samo asali ne daga wata doguwar jayayya tsakanin hukuma da jama'a a kan dukiyar ƙasa. Hukuma ta ce waɗansu hanyoyi sun daina amfani, a rufe su. Jama'a suka ce ba a rufe ba. Makamin da jama'a suka riƙa kuwa shi ne biki. Ɗalibi mai nazarin tarihi da ma'aikacin da wata rana za a miƙo masa fayil a ce ya sa hannu a rushe wani tsohon aiki, dukansu suna da abin ɗauka a cikin wannan labari.

Mene ne kanal?

Kanal kogi ne wanda mutane suka haƙa da hannunsu, domin jiragen ruwa su bi da kaya ta inda babu kogi. Ruwansa ba ya gudu, kwance yake kamar na tafki, kuma a gefensa akwai turba wadda doki kan bi yana jan jirgi da igiya. Da yake ƙasa ba shimfiɗe take bai ɗaya ba, akwai tudu akwai gangare, sai aka yi dabarar gina matakalar ruwa. Wannan wani ɗaki ne na tubali marar rufi, mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama har ɗakin ya cika, jirgin ya taso ya yi daidai da ruwan gaba, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. In gangarawa zai yi, sai a rage ruwan. Ta haka jirgi kan hau tudu ya sauka, ba tare da an ɗaga shi ba.

A shekarar 1761 aka buɗe kanal na Bridgewater, wanda wani basarake mai ramukan kwal ya sa aka haƙa daga Worsley zuwa Mancesta, da taimakon injiniya James Brindley. Ba a daɗe da buɗe shi ba kuɗin kwal a Mancesta ya faɗi da kusan rabi. Dalilin a fili yake: dokin da in an ɗora masa kaya a baya ba zai ɗauki abin da ya wuce 'yan buhuna ba, in aka ɗaura masa jirgi a kan ruwa sai ya ja tan 25 ko fiye. Masu masana'antu suka ga riba. Josiah Wedgwood, mai sana'ar tangaran, wanda kayansa kan farfashe a kan munanan hanyoyin zamanin, ya tsaya tsayin daka har aka fara haƙa kanal na Trent da Mersey a 1766, aka gama a 1777. Brindley ya tsara matakalun wannan kanal ƙanana, tsawonsu wajen ƙafa 72, faɗinsu ƙafa 7 da ɗan ɗoriya, domin a rage kuɗin gini da ɓarnar ruwa. Daga nan tilas jirage su bi wannan awo, shi ya sa suka zama dogaye sirara. Siririn jirgin da za ku gani a wurin biki yau, awonsa hukunci ne da aka yanke fiye da shekara 250 da suka wuce.

Kafin shekarar 1830 hanyoyin ruwa na Birtaniya, kanal da koguna a haɗe, sun kai kusan mil 4,000. A wannan shekara aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Mancesta da Libaful, daga nan kuwa al'amarin kanal ya fara ja da baya. Kamfanonin reluwe suka sayi da yawa daga cikinsu, alal misali kanal na Kennet da Avon wanda ya koma hannun wani kamfanin reluwe a 1852. Mai jirgin ƙasa kuwa ba shi da dalilin gyara hanyar kishiyarsa. Aka bar laka ta taru, ƙofofi suka ruɓe.

Mutanen jirgi

Da ladan dako ya ragu, matuƙan jirage da yawa suka kasa biyan kuɗin hayar gida, sai suka kwashe iyalansu suka koma cikin jirgi da zama. Ɗakin da ke bayan jirgin bai fi ƙafa 10 ba a tsawo, a ciki kuwa akwai murhu da gado da teburin da kan naɗe ya zama ƙofar kabad. Mata ta riƙe sitiyari, miji ya yi gaba yana buɗe matakala, yaro ya bi doki. Inda kanal ya ratsa ƙarƙashin dutse babu turbar doki, sai maza su kwanta a kan katako su riƙa tura bangon ramin da ƙafafunsu har jirgi ya fita. Yawancinsu ba su iya karatu ba, domin yaron da kullum yana kan tafiya ba shi da makaranta. Wani mutumin Coalville mai suna George Smith ya yi ta kuka a kan halin yaran nan har Majalisar Dokoki ta kafa doka a 1877, wadda ta tilasta a yi wa jirage rajista, ta kuma ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a ɗaki guda.

Waɗannan mutane ne suka ƙago adon da ya zama tambarin bikin: zanen furanni da na manyan gidajen sarauta a jikin ƙofa da tulun ruwa, da tagulla wadda ake gogewa har ta yi ƙyalli, da farantai masu huda-huda a baki da ake ratayewa a bango. Talaka ne da ba shi da fili ko taki ɗaya a doron ƙasa, ya mai da 'yar kusurwar da yake da ita abin kallo.

Littafi ɗaya da ƙungiya ɗaya

A shekarar 1939 wani injiniya mai suna Tom Rolt ya gyara tsohon jirgi, mai suna Cressy, ya zagaya hanyoyin ruwa na tsakiyar Ingila tare da matarsa. Ya rubuta abin da ya gani a littafin da ya kira Narrow Boat, wanda aka buga a 1944. Wani marubuci a Landan, Robert Aickman, ya karanta, ya aika masa da wasiƙa cewa ya kamata a kafa ƙungiyar kare hanyoyin nan. A 1946 aka kafa ta, da sunan Inland Waterways Association, watau Ƙungiyar Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa. Aickman ya zama shugaba, Rolt sakatare.

A nan ina so ku lura da wani batu na shari'a, domin shi ne ginshiƙin dukkan abin da ya biyo baya. Kusan kowane kanal da dokar Majalisa aka haƙa shi, dokar kuwa ta ba jama'a ikon wucewa muddin sun biya kuɗin hanya. Mai kanal ba shi da ikon rufe shi haka kawai, sai ya nemi izini, babbar hujjarsa kuwa ita ce ba mai bin hanyar. Saboda haka duk jirgin da ya wuce, ya rage ƙarfin wannan hujja. 'Yan ƙungiyar suka gane haka da wuri. A kanal na Stratford, kusa da Barmingam, kamfanin reluwe ya cire wata gada mai ɗagawa ya kafa wadda ba ta motsi, ƙasa-ƙasa, yadda jirgi ba zai wuce ba. Aka ta da maganar a Majalisar Dattijai, aka amsa cewa duk wanda ya ba da sanarwa za a ɗaga masa. Sai Rolt ya ba da sanarwa. A watan Mayu na 1947 ma'aikatan kamfanin suka zo da jak suka ɗaga gadar, Cressy ya wuce a gaban 'yan jarida.

Ranar 1 ga Janairu 1948 gwamnati ta karɓe reluwe da yawancin kanal ta haɗa su ƙarƙashin hukumar sufuri guda. Wannan bai kawo sauƙi ba. Hukumar ta dubi hanyoyin da ma'aunin dako kaɗai: wanda ke kawo kuɗin kaya a riƙe, wanda ba ya kawowa a rabu da shi. Wani kwamitin bincike da ta kafa ya ba da shawara a 1955 cewa a sallama fiye da mil 700.

Bikin farko

A watan Agusta na 1950 ƙungiyar ta kira taron jirage a garin Market Harborough. Jirage wajen 120 suka hallara, 'yan kallo kuwa an ƙiyasta sun kai 50,000 a cikin makon. Aka yi wasan kwaikwayo da raye-raye da gasar jirgin da ya fi kyau. Amma muhimmin abu ya faru ne tun kafin a fara shagali. Kowane jirgi daga cikin 120 ɗin nan ya taso ne daga wani wuri, ya ratsa hanyoyin ruwa, ya sa an buɗe masa ƙofofi, ya biya kuɗi an ba shi rasit. Gani ya kori ji. Mutanen gari da suka ɗauki kanal a matsayin juji suka ga ruwan bayan gidansu cike da jirage masu launi.

Ba a rabu da taron lafiya ba. Rolt yana ganin a zaɓi hanyoyin da za su iya ci gaba da dako a mai da ƙarfi a kansu, domin abin da ya dame shi shi ne sana'ar matuƙa da rayuwarsu. Aickman ya ce ko mil ɗaya ba za a bari ba. Saɓanin ya yi tsanani har aka kori Rolt daga ƙungiyar a 1951. Za mu komo kan wannan saɓani, gama har yau bai gama warwarewa ba.

Daga nan ƙungiyar ta mai da taron jirage al'ada, kuma da gangan takan kai shi inda kanal ke bakin mutuwa. A 1962 aka sa taron a Stourbridge, alhali reshen da ke shiga garin ya toshe da laka. Hukuma ta ƙi yashewa, ta kuma yi gargaɗin kai ƙara in wani ya taɓa. Wani mai tsara gine-gine, David Hutchings, ya kawo injin haƙa ya yashe, jaridu suka ɗauki labarin, aka yi taron, ba a kuwa gurfanar da kowa ba. Bayan shekara biyar, a 1967, aka sake buɗe matakalu 16 na wannan kanal, wannan karo ma'aikatan hukuma da 'yan aikin gayya suna aiki kafaɗa da kafaɗa.

Labarin kudancin kanal na Stratford ya fi wannan ban mamaki. A 1958 hukumar lardin ta nemi a rufe shi domin ta sauƙaƙa aikin wata gada, bisa hujjar cewa an yi shekara uku ba wanda ya bi ta kansa. Sai aka fito da rasit na kuɗin hanya wanda waɗansu masu ƙaramin kwalekwale suka biya a 1957. Takarda ɗaya ta rushe hujjar. Ƙungiyar National Trust, mai kula da kayan tarihi, ta karɓi wannan sashe mai tsawon mil 13, Hutchings ya jagoranci gyaransa da 'yan sa kai da sojoji da fursunoni, aka buɗe shi a watan Yuli na 1964 da babban taron jirage, mahaifiyar Sarauniya ce ta buɗe.

Ana cikin haka sana'ar dako ta ƙarasa mutuwa. A hunturun 1962 zuwa 1963 ruwan kanal ya daskare ya zama ƙanƙara, jirage suka yi makonni ba motsi, masu kaya suka koma ga manyan motoci ba su dawo ba. A 1963 hukumar hanyoyin ruwa ta daina yawancin dakon da take yi da siraran jirage. Dogon dakon kwal na ƙarshe da ake yi a kai a kai, daga yankin Warwickshire zuwa wata masana'anta a Southall kusa da Landan, ya tsaya a 1970.

Amma kafin nan ra'ayin gwamnati ya juya. Dokar Sufuri ta 1968, wadda Minista Barbara Castle ta shigar, ta kasa hanyoyin ruwa kashi uku: na kasuwanci, da na yawon shaƙatawa, da ragowa. A karo na farko doka ta yarda cewa shaƙatawar jama'a dalili ne da ya isa a kashe kuɗin gwamnati a kan kanal. Ragowar kuwa jama'a suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumba na 1968 mutane wajen 600 suka yi gayya ta kwana biyu a kanal na Ashton kusa da Mancesta, suka kwashe shara mai ɗimbin yawa, aka sake buɗe shi a 1974. Kanal na Kennet da Avon, mai matakalu 29 a jere a kusa da garin Devizes, Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe shi a 1990.

Abin da mai zuwa biki zai gani

Wanda ya je Landan a farkon watan Mayu zai iya halartar bikin da ake kira Canalway Cavalcade, wanda ƙungiyar ta fara a 1983, a unguwar Little Venice inda kanal na Regent ya haɗu da reshen Paddington. Zai tarar da jirage fiye da 100 an ɗaure su gefe da gefe, an yi musu ado da tutoci. Akwai jerin gwanon jirage da rana, da wani da dare wanda ake ƙawata su da fitilu. Akwai gasar tuƙi, inda ake so mutum ya juya jirgi mai tsawon ƙafa 70 a wuri matsattse ba tare da ya taɓa bango ba, ga shi kuwa jirgi ba shi da birki, sai dai a mai da injin baya. Akwai rumfunan masu zane da masu saƙa igiya da masu abinci. A ƙauyen Braunston kuma, wanda a da matattarar matuƙa ne, akan yi taron tsofaffin jiragen dako a ƙarshen watan Yuni, inda masu su kan sa tufafi irin na matuƙan dā.

Ina ba mai zuwa shawara uku. Ta farko, ya tambayi masu jirage daga ina suka taso da kwana nawa suka yi a hanya. Ƙa'idar gudu a kanal mil 4 ce a awa, ga matakalu da za a buɗe da hannu, saboda haka tafiyar da mota kan yi cikin awa biyu ko uku takan ci jirgi mako guda ko fiye. Wannan tafiya ita ce ainihin bikin tun daga 1950. Ta biyu, ya nemi rumfunan ƙungiyoyin gyara, inda ake nuna taswirar hanyoyin da har yanzu suke a toshe, ana neman gudummawa da masu ba da lokacinsu. Ta uku, in ya sami izini ya leƙa ɗakin tsohon jirgin dako, ya tsaya a ciki, ya tuna cewa a nan aka haifi yara aka rene su.

Abin da aka ceto da abin da aka rasa

Yanzu sai mu koma ga saɓanin Rolt da Aickman. Ta fuskar tsawon hanya, Aickman ne ya yi gaskiya: hanyoyi da yawa waɗanda da an bi shawarar zaɓe da an cike su da ƙasa, yau jirage na bin su. Tun shekarar 2012 wata ƙungiyar amana mai suna Canal and River Trust ce ke kula da wajen mil 2,000 a Ingila da Wales, da jirage masu lasisi fiye da 30,000. Amma abin da Rolt ya ji tsoro shi ma ya tabbata. Ruwan ya tsira, sana'ar ba ta tsira ba. Iyalan matuƙa sun watse cikin garuruwa, adonsu ya zama kayan sayarwa ga baƙi, kuma wahalar da suka sha takan ɓuya a bayan fentin furanni.

Har ila yau aikin bai ƙare ba. Gini mai shekara 200 kullum yana neman hannu. A watan Agusta na 2019 bangon madatsar Toddbrook, wadda ke ba wani kanal ruwa, ya fara zubewa bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe mutane wajen 1,500 daga garin Whaley Bridge. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar cewa za ta rage tallafin da take bayarwa daga 2027. A Landan kuwa tsadar haya ta sa mutane da yawa sun koma cikin jirage da zama, kamar yadda talauci ya kai matuƙan dā, kuma wanda ba shi da matsaya ta dindindin doka ta tilasta masa ya gusa bayan kowane kwana 14. Duk waɗannan batutuwa akan ji su a bakin mutane a wurin biki.

Ranka ya daɗe, zan taƙaita. Ma'aikatan da suka ba da shawarar rufe hanyoyin nan a 1955 ba mugaye ba ne, lissafinsu ma daidai ne: dako ba ya biyan kuɗin gyara. Abin da ya kuɓuce musu shi ne, sun auna kanal da amfanin da aka haƙa shi dominsa kaɗai, ba su tambayi ko yana da wani amfani da bai riga ya bayyana ba. Kanal da aka cike aka yi gini a kansa, dawo da shi sai da kuɗi ninkin ba ninkin, wani ma ba ya dawowa. Su kuma jama'a ba su tsaya ga rubuta takardun koke ba. Sun bi hanyar, sun biya kuɗi, sun adana rasit, sun shiga laka da shebur, sa'an nan suka gayyato duniya ta zo ta gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai da hukuma da jama'a suka haɗu kafin aikin ya yiwu. Ina fata ɗalibanmu da ma'aikatanmu za su tuna da rasit ɗin 1957 a duk ranar da aka ce musu wani abu na jama'a ya daina amfani.